Jita-jita, Ƙanzon Kurege da Ladan Kuturu: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu daga Gusau ya tambaya: "Malam, kullum muna jin hukuma za ta yaƙi labaran ƙarya a intanet. Shin jita-jita da ƙanzon kurege da farfaganda duk abu ɗaya ne?"

Malam, ba ɗaya ba ne. Bahaushe yana raba su ta hanyar duba niyyar mai magana da irin ɓarnar da maganar ke yi.

Jita-jita magana ce da ke yawo daga baki zuwa baki, ba a san wanda ya fara ta ba. 'Yan uwanta su ne raɗe-raɗi da ƙishin-ƙishin. Abin lura shi ne jita-jita tana iya zama gaskiya. Tabbaci ne kawai ba ta samu ba. Matar da ta ji saƙon murya a WhatsApp cewa an kai hari wani ƙauye, ta tura wa 'yan uwanta don su yi hattara, jita-jita ta yaɗa, ko da zuciyarta fes.

Ƙanzon kurege kuwa labari ne marar tushe ko kaɗan. Ƙanzo shi ne ƙonannen tuwon da ke manne a gindin tukunya, ana kankare shi bayan an kwashe. Kurege bai taɓa ɗora tukunya ba, to ina zai samu ƙanzo? Shaci-faɗi ya ɗan bambanta: mutum ne ya yanke hukunci da ka, ba bincike, kamar mai faɗin adadin waɗanda suka mutu alhali bai je wurin ba. Ƙage shi ne ƙirƙirar laifi a jingina wa wani da gangan, kuma idan ya shafi mutuncin mutum ta fuskar zina ya zama ƙazafi, kalmar da muka aro daga Larabci, wadda Suratun Nur ta yanke wa haddin bulala 80. Farfaganda, daga Turanci, aiki ne mai tsari da kuɗi a bayansa, kuma sau da yawa da gaskiya ake yin ta: a ɗauki hoton gaske na wani tsohon rikici a wata ƙasa, a ce jiya ne a Filato.

Wannan rarrabewa tana da amfani ga doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya hukunta saƙon ƙarya ko da manufarsa ɓata wa wani rai ne kawai, kuma an kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2024. Dokar da ba ta bambance mai tura jita-jita da mai shirya farfaganda ba, ƙaramin za ta kama, babban ya sha.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: "Ana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ke nan jaridar da ta karɓi tallafin gwamnati ta zama bakin gwamnati?"

Malama, a fara duba karin maganar da kyau. Lada a nan kuɗin aiki ne da ake ba wanzami. Wanzamin da ya karɓa ba shi da damar ya ce yana ƙyamar kan da zai aske. Darasin shi ne cika alkawarin da aka karɓi kuɗi a kansa, don haka tambayar da ta dace ita ce: wane aski aka yi ciniki a kai?

Idan an ba gidan jarida kuɗi don ya horar da masu tantance labari, ya sayi kayan aiki, ya biya albashi, to askin shi ne binciken gaskiya, har da wadda ba ta yi wa mai bayarwa daɗi ba. Idan kuwa a asirce aka bayar daga ofishin minista, ba ƙa'ida a rubuce, kowa ya san askin da ake jira. Abin da ke raba biyun a aikace shi ne a kafa asusun da doka, a buga sharuɗɗan samu, kwamitin da ba gwamnati kaɗai ta naɗa ba ya raba, a bayyana sunan kowace kafa da adadin da ta karɓa, sannan a ware kuɗin na shekaru don kada a riƙa rufe famfo duk lokacin da aka buga suka. A Nijar an daɗe da asusun tallafa wa 'yan jarida wanda hukumar sadarwa ta CSC ta riƙa rabawa. Matsala takan taso idan hannun da ke ba da tallafi shi ne kuma ke riƙe da bulala. A Najeriya hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba gidajen rediyo da talbijin lasisi, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce ba ta da hurumin cin su tara da kanta, domin ita ba kotu ba ce. A ganina hukuncin ya yi daidai: mai ƙara ba ya zama alƙali.

Wani ɗalibi daga Kumasi ya tambayi asalin "gaskiya ta fi kwabo".

Kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe aka samo shi, sunan tsabar kuɗin zamanin Turawa. Maganar ta shahara ne da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan yana gaya wa mai saye cewa abin da zai karanta ya fi abin da ya biya daraja. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma cikin dalilanta akwai kashe jita-jitar da ke yawo a Arewa gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Ka ga ke nan sa kuɗin hukuma a jarida don yaƙar jita-jita ya girmi intanet a ƙasar Hausa da shekaru masu yawa.