Alƙaluman hukuma ba rantsuwa ba ne

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na soke "sahihan alƙaluma" da jan biro a labarun ƙarfe shida, alhali takardar Turancin cewa ta yi official figures. Jawo kujera.

Idan Bature ya sa official a gaban figures ko data, ba shaidar gaskiyar lissafin yake bayarwa ba. Ƙofar da lissafin ya fito yake nuna maka: ofishin gwamnati, da hatimi, da sa hannu. Sau da yawa ma ɗan jarida kan maƙala kalmar ne don ya zame jikinsa, wato "haka suka ce, ni ban ƙirga ba". Kai kuwa da ka rubuta "sahihai", ka ɗora wa gidan rediyon nan rantsuwar da mai labarin ya ƙi yi.

Dubi maganar rashin aikin yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne a ƙarshen 2020. A 2023 ita dai hukumar ta fito da kashi 4.1. Ba masana'antun Sharaɗa da Bompai ne suka farfaɗo ba, mudun awon aka canza. A da, wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba, marar aiki ne; yanzu awa ɗaya tak ta isa a jefa mutum cikin ma'aikata. Duka biyun na hukuma ne. Wanne za ka kira sahihi a kunnen mai digirin da ke zaune a bakin shagon yayansa?

Haka ƙidayar 2006. Aka ba Kano kimanin miliyan 9.4, Legas kimanin 9.1, gwamnatin Legas ta ce allambaram mutanenta sun haura miliyan 17. Ita ma ai hukuma ce.

Saboda haka rubuta "alƙaluman da hukuma kaza ta fitar", ka faɗi sunanta, ka faɗi na wane lokaci ne. Mai sauraro ya yi wa kansa alƙalanci.

Af, na ga kuma ka juya released zuwa "ta saki". Akuya ake saki, da fursuna. Alƙaluma fitar da su ake yi.

Ungo takardarka. Saura minti goma a shiga ɗakin karanta labarai, kuma akwai irin wannan a shafi na biyu.