Tsohuwar amfilifaya mai bawul: wace irin rasista ta dace da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar amfilifaya mai bawul (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) da na gada daga mahaifina, mai manyan bawul EL34 biyu da ƙanana ECC83 uku. Tun daminar bana take huci da ƙas-ƙas ko ba a jona mata komai ba. Na kai wa wani mai gyara, ya canza rasistoci (ƙananan kayan da ke rage gudun wuta) da yawa da wasu ƙanana shuɗaye, ya ce ai launin zoben jikinsu ya yi daidai. Hucin ya ragu, amma shekaranjiya na buɗe ta zan share ƙura, awa guda bayan na zare ta daga wuta, ta fizge ni har hannuna ya yi sanyi. Wani kuma ya ce an kashe mata murya, sai na nemo tsofaffin rasistocin gawayi na asali. Wanne zan bi? Tsoron taɓa ta nake yi. Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Barka da arziki. Tsoron nan naka yana kan hanya, kada ka sake cire murfinta sai ka gama karanta wannan.

Zancen murya mai sauƙi ne. Tsofaffin rasistocin dunƙulen gawayi, irin na Allen-Bradley masu ruwan ƙasa, su ne mafi kusa da zama sanadin hucin da ka fara ji. Suna shan laima, darajarsu tana hawa da tsufa, sai ka auna mai 100k (wato om dubu ɗari, om shi ne ma'aunin rasista) ka tarar ta kai 130k, kuma in wuta tana ratsa su suna hayaniya. Iskar Agusta a Zariya ba ta raga musu. Gaskiya ne suna ɗan murɗa sauti in siginar ta yi girma, masu kiɗan jita a Amurka da Ingila suna son haka, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma ko ka samo wadda ba a taɓa sakawa ba, ta tsufa a cikin leda. Kada ka ɓata kuɗinka.

Filet, katod, girid da sikirin sassa ne na cikin bawul, kowanne da ƙafarsa a waje. Abin da ni nake sakawa: a kan filet ɗin ECC83, inda 100k take, metal-fim mai wat ɗaya, musamman a bawul na farko inda duk wani huci yake ninkuwa. Katod mai 1.5k da rasistar girid mai 1M (om miliyan ɗaya) ba sa ganin wuta mai yawa, rabin wat na metal-fim ko kabon-fim ya ishe su. Sikirin na EL34 yana son 1k mai wat biyar, kamar yadda kamfanin amfilifaya na Marshall suke yi. Tsakanin kwandansocin wuta kuwa, wato masu tara wuta su riƙe, metal-oksayid, mai ruwan tokar nan, don tana jure zafi kuma ba ta kamawa da harshen wuta. Farar nan ta siminti mai naɗin waya, wurinta katod ɗin manyan bawul. Kada a kai ta girid, naɗin da ke cikinta koyil ne.

Yanzu ga abin da ya kusa kai ka asibiti, kuma shi nake fama da shi kullum a shago: wai in launi ya yi daidai, rasista rasista ce. Wannan karatun rediyo mai batir ne, inda wutar duka ba ta wuce bolt 9 ko 12 ba. Amfilifayarka tana aiki da wajen bolt 450. Rasista tana da iyaka uku, ba biyu ba: om, wat, da kuma yawan bolt da za ta iya ɗauka tsakanin ƙafafunta. Launi om kaɗai yake faɗa maka da 'yar tazarar kuskure. Yawancin ƙananan nan masu kwatan wat an tsaida su a bolt 250, masu rabin wat a 350, masu wat ɗaya ko biyu a wajen 500. Wannan yana rubuce a takardar kamfani, amma wa ke neman takarda in ya je Sabon Gari ya sayo su a ƙulle cikin leda?

Akwai rasista ɗaya da ba ta da aikin komai a sauti. Tana rataye tsakanin babbar kwandansa da ƙasa, wato ƙarfen jikin amfilifayar, aikinta ta tsiyayar da wutar da ta rage in an kashe. Sau da yawa 220k ce mai wat biyu. Yi lissafin da kanka: 450 sau 450, a raba da 220,000, ya ba ka kusan wat ɗaya. Ka ɗora wannan a kan mai kwatan wat, ka ninka mata kaya kusan sau huɗu. Wani mai wayo zai ce to a sa 1M, lissafi ya sauko zuwa 0.2, ya shiga cikin kwata. Wat ya shiga, bolt bai shiga ba. Metal-fim siririn zane ne da aka yanka kamar murɗin igiya a jikin tangaran, in bolt ya yi yawa wuta tana tsallake yankan, tana cin fatar a hankali har ta tsinke. Abin haushin shi ne ba ta baƙi, ba ta wari, shuɗinta yana nan kamar yau aka saye ta. Amfilifaya tana ci gaba da waƙa lafiya lau, babu wanda zai san maigadin ya mutu sai ranar da aka zura hannu.

Da tana da lafiya, 220k a kan kwandansa mai maikurofarad 100 tana zubar da kusan komai cikin minti biyu. Kai ka jira awa guda ta fizge ka. Ko dai ta tsinke, ko an cire ta, ko tun asali ba a sa mata ba, don akwai tsofaffin da suka fito haka. Na sha ganin wadda aka cire da gangan, wai tana zafi tana cin wuta a banza. Zafin nan shi ne aikinta! Wanda bai san wannan ba ya tsaya a kan caja da tocila. Haka nan masu ganin rasistar sikirin ta ƙone su ɗaura waya a madadinta. Rasista ba ta ƙonewa don ra'ayi. Yawanci bawul ne ya harbe ta, in ka yi mata gada da waya, taransifomar fita ce za ta biya, ita kuwa ka zaga daga PZ zuwa Samaru da ƙyar ka samu mai naɗa maka irinta. Ga wutarmu da ke hawa da sauka, ga janareta. Abin da ke bakin iyakarsa in wutar gida tana bolt 230 ya wuce iyaka ranar da wuta ta zo da ƙarfi. Ran mutum ake wasa da shi saboda rasistar da ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba.

Ga abin yi. Kai ta wurin wanda ya san bawul, ka tsaya ka ga ya fara zubar da wutar kwandansa ta cikin rasista mai 47k wat biyar da maƙalai masu roba, ba da sukudireba ba, hannu ɗaya a aljihu, mita a jone har ta sauko ƙasa da bolt 10. Sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya ta rasistar tsiyayar ya auna ta. Duk ƙaramar shuɗiyar da ke kan layin babbar wuta a fidda ta. In ba a samu mai ɗaukar bolt 500 ba, a jera 100k biyu masu wat biyu a bi-da-bi, kowace ta ɗauki rabi, a bar musu tazara daga allo don iska. Bayan an gama, a kunna, a kashe, ka ga da idonka allurar mita tana sauka kafin ka biya shi.