Dalilin da ya sa na sallami ɗan sarin nan da kuɗinsa

Ka tambaye ni me ya sa na sallami mutumin da ya zo da kuɗi a hannu zai kwashi katan-katan na faifan katun ɗin Japan, alhali ga kaya jibge a sito. Har kana cewa, "Maigida, ai kuɗi kuɗi ne." Zauna ka ji, yaro, don ka fama mini tsohon miki.

Fim ɗin nan ba namu ba ne, haya muka ɗauka. A Japan kwamiti ne ke mallakar shiri: mai buga littafin, gidan talabijin, kamfanin faifai, masu waƙoƙi, kowa ya zuba kuɗi, kowa yana da baki. Kai kuma ka ajiye kafin alƙalami mai tsoka wanda ba ya dawowa ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, a ba ka shekara biyar ko bakwai, a shata maka iyaka: Amurka da Kanada, shi ke nan. Batun fassara da ɗora murya da lissafin kasonsu kuwa ba zan ɓata yawuna ba. Wanda ya shekara a shagon nan bai gane wannan ba, ya nemi wata sana'a.

A shekarun baya, can Japan faifai mai kashi biyu kacal kan kai yen 6,000 zuwa 7,000, sai mutum ya sayi shida kafin ya haɗa zango guda. Masu sayen ba su da yawa, amma su ke riƙe da sana'ar a lokacin. Mu nan Amurka zangon gaba ɗaya a kwali ɗaya, wajen dala 60. Zamanin DVD akwai katanga a tsakani, Amurka shiyya ta 1, Japan shiyya ta 2, faifanmu ba ya tashi a na'urarsu. Da Blu-ray ya zo sai aka zuba mu duka a shiyyar A. Daga nan barci ya ƙaurace wa Japanawa, don ɗan ƙasarsu na iya aikowa a saya masa namu mai araha.

A wannan lokacin ne wani ya shigo mini, fes da shi, bakinsa kamar zuma. Ya ce yana da shaguna uku, yana son kwafi ɗari huɗu na wani shiri da na sha wuya kafin na samu lasisinsa. Wata takwas na yi ina aika wa Japanawan hoton bangon kwali ana dawo mini da shi, yau a ce launin gashin yarinyar bai yi ba, gobe a ce sunan wane ya yi ƙanƙanta. Bashi ya kai mini wuya. Mutumin bai nemi ragi ba, ko sisi. Nan ya kamata in farga, don ɗan sari na gaskiya sai ya ja ciniki har ranka ya ɓaci. Na karɓi kuɗi, har na kama masa muka loda a mota da hannuna.

Bayan wata uku saƙo ya zo daga Tokyo. Layi huɗu ne, da ladabi irin nasu, sai hoto a ƙasa: kwalina, tambarina, ana tallarsa a intanet ga masu saye a Japan a kan ƙasa da rabin kuɗin nasu. Ashe ba shi da shago ko ɗaya. Na yi rantsuwa, na aika rasit, na ba da haƙuri. Ba su yi faɗa ba, su ba sa faɗa. Zango na biyu kawai suka ba wani kamfani, wanda ya zo ya ci kasuwar da na share da gumina. Shekaru na yi ina rubuta musu wasiƙa, amsa ɗaya ce: suna nazari. Har yau in na tuna murmushin mutumin nan a bakin mota sai abinci ya fita raina.

Ku yaran yanzu kun tashi kun tarar da Crunchyroll, manhajar kallon katun ɗin Japan, a waya, kuna ganin komai danna-ka-kalla ne. Kuna gunaguni don an kulle fassarar ƙasan allo ba ta ciruwa, ko don an sa mu jira watanni bayan Japan ta fitar da nata. Duk tsoron komawar faifanmu mai araha Japan ne. A 2012 ma haka aka fitar da Blu-ray ɗin katun ɗin Persona 4 a Amurka babu muryar Japananci sam. Kamfanin Geneon ya daina fitar da faifai a nan a 2007, kamfanin ADV ya wargaje a 2009, manya ne da suka fi ni kuɗi nesa ba kusa ba, ni kuwa ga ni a tsaye.

In mutumin ya dawo ba na nan, ka karɓi adireshin shagonsa da takardar rajistarsa, ka ce sai na je na gani da idona. Kwafi ashirin zan fara ba shi. Tashi ka ɗage katan-katan ɗin can daga ƙasa kafin danshi ya taɓa su.