Malama, ba sai kin tabbatar ba kafin ki kai maganar

Malama, ƙanwata, sannu da wannan nauyi. Kin ce akwai ƴar riƙo mai shekara tara a ajinki, kwana biyun nan ba ta iya zama daidai a kan benci, kin ga shatar wayar wuta a bayanta da cinyoyinta, kuma ko alli kika ɗaga sai ta kare kanta da hannu. Kin gaya wa darakta, ya ce ki fita harkar gidan mutane. Kina tambaya ko doka ta wajabta miki kai rahoto, da kuma ko akwai horon da ake ba malamai irin wanda kika ji ana yi a Amurka. Na ga wasu sun ce ki yi addu'a, wasu sun ce ki je ki samu uwar riƙon ku yi magana ta fahimta. Addu'a kam a yi ta. Zuwa gidan kuwa, ki dakata tukuna.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi aiki a CSI, wato ƙananan asibitocin gwamnati, na ƙauye da na cikin garin Damagaram, wato Zinder, na kuma daɗe ina zama a kwamitin kare yara, don haka abin da zan faɗa miki na gan shi ne da idona.

Abin da kika ji game da Amurka gaskiya ne. A can, tun da wani likitan yara mai suna Henry Kempe da abokan aikinsa suka fito da bincikensu a 1962 a kan yaran da ake kawowa asibiti da karaya alhali duka ne, jihohi suka shiga kafa dokar tilasta kai rahoto, sannan a 1974 gwamnatin tarayya ta yi tata dokar. Malami da likita da ma'aikacin jinya da mai renon yara, duk doka ta ambace su da suna. A jihar Iowa, misali, sabon ma'aikaci sai ya yi horon awa 2 cikin wata 6 na farkon aikinsa, ya riƙa sabuntawa duk shekara 3, kuma akwai horo na daban a kan manya masu rauni, wato tsofaffi da naƙasassun da ke hannun wani. Idan ya yi zargi, awa 24 gare shi ya sanar. Wanda ya yi shiru da gangan ana iya hukunta shi, wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya kuma doka ta kare shi ko da bincike ya nuna ba komai. Wannan tsarin nasu ne, kada ki ɗauko lissafin awanninsu ki ce dokar Nijar ce. Abu ɗaya dai nake so ki tsinta a ciki: ba su ce sai ka tabbatar ba, cewa suka yi idan kana da dalilin zargi mai ma'ana. Tabbatarwa aikin wasu ne.

Mu a nan, nauyin yana nan, sai dai a warwatse yake cikin dokoki. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta ce duk ma'aikacin gwamnatin da ya samu labarin wani laifi a bakin aikinsa wajibi ne ya sanar da mai shigar da ƙara na gwamnati ba tare da jinkiri ba. Ke ma'aikaciyar gwamnati ce, a ajinki kika gani, to kin shiga ciki. Dokar laifuka kuma tana hukunta wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana da halin taimako ko kiran taimako, ya ƙi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara tun 1990. An kafa kotunan yara a 1999, aka sake tsara su da dokar 2014, kuma alƙalin yara ba na yaron da ya yi laifi ba ne kaɗai kamar yadda mutane suke zato. Yaron da ke cikin haɗari ma nasa ne. Shi ke da ikon ya ce a ɗauke yarinya daga wannan gida a ba wani ɗan uwa ko wani amintaccen gida, ikon da ba ki da shi, darakta ba shi da shi, mai unguwa ma ba shi da shi.

Ƙofofin da za ki iya ƙwanƙwasawa a Zinder ba su da nisa. Akwai ma'aikatan kare yara na jiha da cibiyoyinsu da ake kira CEPPP, waɗanda suka gaji tsohon ofishin kula da yara da ake kira SEJUP. Akwai sashen yara na ƴan sanda, akwai jandarmomi idan ƙauye ne, akwai jastis. Ga irin matsalar da kika faɗa, ni da ma'aikatan kare yara zan fara, don su ne suka iya shiga gida ba tare da an tara unguwa ba, kuma su ne za su rubuta wa alƙali idan abin ya kai can. Idan kuwa kika ga rai na cikin haɗari yau yau, ko yarinyar ta ambaci an taɓa ta ta wajen da bai kamata ba, sai ki wuce asibiti da komisariya kai tsaye. Lambar ƴan sanda 17 ce.

Dalilin da ya sa na ce kada ki je gidan: da kin fita, ita za a tambaya wa ta gaya wa. Dukan daren ranar ya fi na baya, sannan a koya mata abin da za ta ce, ko a wayi gari an mayar da ita ƙauye, ko an tura ta aikatau wani gari, ba ki ƙara jin ɗuriyarta. Kuma kada ki yanke cewa uwar riƙon ce. Sau da yawa matar da kowa ke zargi ita ma a tsorace take, mai yin abin mijinta ne, ko ƙanensa, ko wani babban ɗa a gidan.

Bari in gaya miki abin da ake koya mana a horo, don duk taron da aka kira, da na gwamnati da na UNICEF da na ƙungiyoyi, maganar ba ta wuce wannan ba, sauran duk shan shayi ne da jiran kuɗin zama. Ki samu wuri ku biyu, ba a gaban ƴan aji ba, ba kuma a ofishin darakta ba. Ki zauna daidai tsayinta. Ki ce, "Na ga kamar zama yana miki wuya, me ya faru?" Sai ki yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, don bakinki zai yi ta ƙaiƙayin cewa "Inna ce ta doke ki, ko?" Kada ki faɗa. Yaro yana amsa wa babba da abin da ya ga babban yana so ya ji, kuma ranar da aka je gaban alƙali, wannan tambayar taki ita za a kama a ce ke kika sa mata magana a baki. Kada ki tuɓe ta don ki duba, kada ki ɗauki hotonta a waya, balle ki turo wa mutane su gani. Idan ta ce, "Madam, kada ki gaya wa kowa," kada ki yi mata alkawarin da ba za ki cika ba. Ki ce mata ba za ki baza ba, amma za ki gaya wa waɗanda aikinsu ne su hana a ci gaba da cutar da ita. Ki gaya mata ba laifinta ba ne. Sau ɗaya ya isa, ba sai kin sa ta maimaita wa malamai biyar ba.

Da kin rabu da ita, ki ɗauki wani kaye daban ki rubuta: kwanan wata, ƙarfe nawa, abin da kika gani da inda yake a jiki, da maganarta yadda ta faɗe ta da Hausarta, ba fassararki ba. "Shata uku dogaye a bayan cinyar hagu" ya fi "an yi mata dukan kawo wuƙa" amfani a gaban hukuma. Ki ware abin da idonki ya gani da abin da zuciyarki ke zato.

Jiki yana ba da shaidar da baki ya ɓoye. An taɓa kawo mana wani yaro ɗan shekara huɗu, aka ce ya faɗa wa tukunyar kunu. Da na kwance tsumman, hannuwan biyu sun ƙone daidai wa daida har wuyan hannu, ƙunar ta tsaya a layi ɗaya kamar an sa masa safar hannu, babu ɗigo ko ɗaya a ƙirji ko a ƙafa. Yaron da ya faɗa wa abu mai zafi fizgewa yake yi, ruwan ya fantsama ko'ina. Wannan riƙe shi aka yi aka tsoma. Ban ce wa matar da ta kawo shi uffan ba. Na wanke, na ɗaure, na ce sai an kwantar da shi don a riƙa duba ciwon, na rubuta abin da na gani, majo, wato shugaban asibitin, ya kira waɗanda ya kamata. Haka ma jaririn da bai fara rarrafe ba a same shi da kumburin duka, ko tabo a kunne, a wuya, a bayan cinya, wuraren da faɗuwar wasa ba ta kaiwa, ko labarin da ke canzawa daga bakin uwa zuwa bakin uba. Amma fa ki san garinku: tsagar gado da ƙahon wanzami da sakiya ba duka ba ne, kada a je a tozarta bayin Allah a banza.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne sulhu. Sarakunanmu, daga mai unguwa har fadar Sarkin Damagaram, suna da ikon sasanta rigimar aure da gado da gona da bashi, kuma suna kashe wutar da jastis ba za ta iya ba. Da yawansu ma su ne ke kawo mana yaran. Amma fyaɗe da raunata yaro laifi ne na hukuma, ba a kashe shi a zaure. Na ga yarinyar da aka kwana huɗu ana kai da komo a kanta tsakanin dattawa, ana cewa a rufa asiri, gida ɗaya ne, an karɓi ƴan jikkuna na magani. Ranar da uwar ta ga zubar jinin ta ƙi tsayawa ta kawo ta, an wanke ta, an wanke zanen, lokacin maganin kariya daga ƙanjamau ya wuce. Awa 72 ne kacal, kwana uku. Maganin hana ɗaukar ciki yana kaiwa kwana 5, amma gara da wuri. Shi ya sa duk malamin da zai karanta wannan ya riƙe: idan maganar taɓa yarinya ce, ko yaro, don maza ma ana yi musu, asibiti a ranar, ba wanka, kayan jikin a ajiye su yadda suke. Ga babban asibitin ƙasa na Zinder, ga cibiyar uwa da yaro. Takardar likita ita ce ƙashin bayan shari'ar. Idan iyaye suka ce ba su da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, yara na cikin waɗanda take tsaya wa.

Kin yi tambaya a kan manyan da ake cutarwa ma a ƙarshen saƙonki. Nan akwai bambanci. Matar aure mai hankalinta da ta zo da kumburin ido, ba na wuce ta in kai ƙara ba da saninta ba. Ina yi mata magani, in rubuta, in gaya mata inda za ta je da abin da takardar likita za ta yi mata, in bar mata zaɓi, sai fa idan na ga kisa ake shirin yi. Ita ta san daren gidanta fiye da ni. Amma tsohuwar da ta rikice aka kulle a ɗaki ana cin kuɗin fanshonta, ko mai taɓin hankalin da aka sa wa mari har ƙafa ta ruɓe, ko kurmar da ba ta iya faɗin wanda ya yi mata ciki, waɗannan hukuncinsu ɗaya da yaro a wurina, don ba su da bakin kai kukansu.

Saura darakta. Kada ki yi faɗa da shi, tsoro yake ji, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne, unguwa ɗaya yake sallah da mai gidan. Ki rubuta masa ƴar takarda mai kwanan wata, layi biyar sun isa, ki ce ga abin da kika gani, kina neman a sanar da ma'aikatan kare yara. Ki riƙe kwafi. Yawancinsu da sun ga abu a rubuce sai su motsa, don yanzu ya zama idan wani abu ya samu yarinyar sunansu na ciki. Idan ya ƙi, ƙin nasa bai sauke miki naki nauyin ba, ki je da kanki, ki kuma sanar da sufeton makarantu. Ki roƙi ma'aikatan su sakaya sunanki gwargwadon iko, amma ba zan ruɗe ki ba, a unguwa ana ganewa. Wataƙila a daina amsa gaisuwarki, wataƙila a ce malamar lakwal ta raba zumunci. Ki bar maganar tsakaninki da darakta da ma'aikatan, ko a ɗakin malamai kada ki tayar da ita, don idan zargin bai tabbata ba kada a ce kin ɓata sunan mutane.

Bayan kin kai, ba lalle a dawo a gaya miki abin da aka yanke ba, kuma abin yana iya tafiyar hawainiya. Ki riƙa leƙawa kina tambaya. Ki sa ido a kan rajistar kiran suna: idan yarinyar ta yi fashin kwana biyu a jere, kada ki jira na uku, ki koma wajen wanda kika ba rahoton ki gaya masa a ranar.