Amsa: kada ka rage wa 206 ɗinka tsayi tukuna

Malam, ka ce ka sayi Peugeot 206 S16 'yar Kwatano, kana son ka saukar da ita ƙasa ka sa mata manyan janti a gida. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Mota mai jan ciki ba ta Damagaram ba ce. Rairayin unguwannin Birni da Garin Malam kaɗai ya ishe ta, balle ramukan damina da za su fasa maka tukunyar mai.

Maimakon haka, fara da kuruwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar inji da buɗewar bawuloli. Injin nan mai lita 2 ne da bawul 16, in kuruwar ta tsinke yana tafiya, bawuloli za su lanƙwashe, sai an buɗe kan inji. Canza ta tare da famfon ruwa. Wannan aikin kam kai wa makaniki mai ƙusoshin saita lokaci (na kulle inji a daidai saitinsa yayin canza kuruwar), don Allah kada ka yi kintace.

Bidanji (canjin man inji), buji da filaketin birki za ka iya da kanka. Matatar iska kuwa, duba ta kowane mako lokacin hunturu. Wanke radiyato kafin zafin Afirilu, kuma ka daina zuba masa ruwan rijiya.