Me ya sa shafen da na yi wa tankin masai ya zube cikin wata takwas?

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne a Arkilla, Sakkwato. An ba ni gyaran tankin masai na wani gidan kwanan ɗalibai. Ƙarƙashin murfin kankaren ya yi laushi kamar tuwo, rodi sun fito da tsatsa. Na sa yarana suka yi shafe mai ƙarfi, muka bi da kwalta. Wata takwas komai ya zube. Simintin ne ba shi da kyau? Kuma ta yaya zan koya wa yarana wannan aiki?

Amsa: Malam, kada ka ɗora wa siminti laifi. A kan ruɓaɓɓen kankare kuka yi shafen, shi ya sa bai samu abin kamawa ba.

Ƙazantar da ta kwanta a tanki tana fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wato haidurojin salfaid. Idan ta taru a saman ruwa, wasu ƙananan halittu, wato bakteriya, da ke zaune a jikin bango mai danshi sukan mayar da ita asid, irin na ruwan batir. Asid ɗin ne ke cin siminti har ya koma farin jibsin mai laushi. Duba da kyau, za ka ga inda ruwa ya rufe lafiyarsa ƙalau, ɓarnar tana sama. Zafin Afrilu da Mayu na garin nan, da kan wuce digiri 40, yana ƙara mata gudu. Simintin da ake cewa yana jure salfet ma ba ya jure asid, kwalta kuwa ba ta riƙe a kan garin da ke zuba.

Kafin kowa ya sauka, a kwashe tankin, a wanke, a sa fanka mai tura iska ciki. Hanci ba ma'auni ba ne: idan iskar mai warin ta kai kamar kashi 100 cikin miliyan (ppm 100), mutum yakan daina jin warinta, kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya. A zura na'urar gwajin iska da igiya, iskar oksijin kada ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari. Mai shiga ya ɗaura ɗamara da igiya, wani ya tsaya a bakin rami ba ya ko motsawa. Babu sigari, babu ashana, janareta kuma can nesa. Idan na ciki ya faɗi, a jawo shi da igiya. Wanda ya diro don ceto shi ne gawa ta biyu.

Sai sassaƙa. Ana ƙwanƙwasa da guduma, duk inda ya yi ƙarar ganga a zagaye shi da alli. A fasa har a kai kankare mai tauri, a fesa ruwan gwaji na finolftalin: inda ya koma ja-ja yana da rai, inda bai sauya ba a ci gaba da sara. Bakin wurin gyara a yanke shi da giranda, zurfin milimita 10, a tsaye. Yawancin magina sukan kwantar da bakin shafe ya ƙare siriri, kuma daga nan ɓawo ke fara tashi. A fasa bayan rodi kamar milimita 20 yadda yatsa zai zagaya, a goge tsatsa har ƙarfe ya yi haske. Rodin da tsatsa ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa yana bukatar ƙari, kuma wannan hukuncin injiniya ne. Idan murfin ya riga ya lotsa, zuba sabo ya fi arha.

A jiƙa wurin tun da dare, da safe ya zama da danshi amma ba ya ƙyalli. A cike da kwaɓin gyara mai haɗe da folima, ko siminti mai yawan alumina wanda ya fi jure wannan asid. Ruwan kwaɓi a auna shi yadda aka rubuta a buhu. A danna shafin farko da ƙarfi ya shiga ramuka. Da hunturu iska takan shanye ruwan shafe kafin ya kama, don haka a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Fentin kariya ifoksi ne mai gwangwani biyu, kuma danshi ne abokin gabarsa. Don gwada danshi, a manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a jikin kankaren da salatif, a bar ta awa 16. Idan ta yi gumi, ba a shirya ba. A haɗa gwangwanayen bisa ma'aunin masu yinsa, kada a tsinka da fetur. Ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage lokacin aiki kafin fentin ya daskare da kusan rabi, saboda haka a ajiye kaya a inuwa, a haɗa kaɗan-kaɗan. A shafa bayan La'asar, lokacin da kankare ya fara hucewa. Da hantsi iska ke fitowa daga ƙofofinsa, ta huda fentin da ƙananan ramuka, asid kuma rami ɗaya ya ishe shi. Lissafin mai sauƙi ne: lita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya a kaurin milimita ɗaya. Murfi mai mita 3 da 2, da bango santimita 60 zagaye, murabba'in mita 12 ke nan, lita 12, sai ƙarin abin da kaushin bango zai sha.

Batun koyarwa, kada tankin mutane ya zama makarantarsu. Zuba faifan kankare na mita ɗaya a fili da rodi a ciki, ka kife shi a kan bulo yadda za su yi aiki sama da kai. Kowane yaro ya sara, ya yanke baki, ya cike, ya shafa, ya auna kaurin fenti da ɗan ƙarfen awo mai haƙora. Ka sa su lalata gefe ɗaya da gangan, su shafa kan ƙura da danshi. Bayan mako guda su ɓamɓare gefen biyu da hannunsu su gani.

Kada a saki ruwa a tankin sai fenti ya cika kwanakin da aka rubuta, galibi bakwai. Ka duba bututun fitar da wari: ya kai inci 4, ya zarce rufin gida, da raga a bakinsa.