Baturiyar Da Ta Wuce Maza A Tseren Keke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta kamu da son keke, har tana cewa tsere za ta shiga, kuma kullum hujjarta ita ce wata Baturiyar Ingila da aka ce ta taɓa wuce maza. Shin gaskiya ne, ko dai zancen yara ne?
Daga wata uwa a Asawase, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zancen 'yarki gaskiya ne, kuma matar ita ce Beryl Burton, wadda aka haifa a 1937 a wajen birnin Leeds da ke arewacin Ingila.

Ta shahara a tseren titi da na fili. A kan titi ta zama zakarar duniya a 1960 da 1967. A filin zagaye kuwa, inda 'yan tsere biyu ke tashi daga ɓangarori biyu kowa yana neman cim ma ɗan'uwansa, ta lashe kambun duniya sau biyar tsakanin 1959 da 1966.

Abin da 'yarki ta ji ya faru ne a 1967, a wani irin tsere da kowa ke tashi shi kaɗai, a ga wanda zai fi cin nisa cikin awa 12. Beryl ta yi mil 277.25, wato kimanin kilomita 446. A kan hanya ta riski Mike McNamara, wanda a ranar yake kafa tarihin maza da mil 276.52, ta miƙa masa alewa, ya karɓa, ta wuce shi. Sai da aka shekara biyu kafin wani namiji ya zarce nisan da ta yi. A ganina wannan ya fi kambunan nata nauyi, domin a irin wannan tsere babu wanda za a laɓe a bayansa a kauce wa iska, juriya ce kawai ke aiki.

Kada kuma a ɗauka kuɗi ne ya kai ta nan. Ba ta taɓa mayar da tseren sana'a ba. A gona take aikin ƙarfi, mijinta Charlie ne ke gyara mata keke. Zafin nemanta ma yana da nasa aibin, domin a 1976 da 'yarta Denise ta kayar da ita a gasar titi ta ƙasa, ƙin ba ta hannu ta yi.

Shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983, ita ce gwarzuwar mata a tseren agogo na Birtaniya, wato wanda kowa ke tashi shi kaɗai ana auna saurinsa da agogo, amma ba ta taɓa zuwa gasar Olamfik ba, saboda sai a 1984 aka fara barin mata su yi tseren keke a can, lokacin tana da shekara 47.